Tsohuwar Kwamfuta da Carbin Goggo

Na shiga makarantar yaƙi da jahilci ina da jikoki uku. Wanda ya ga dama ya yi dariya, ai an yi ta yi a lokacin, ga ni nan ban mutu ba. Sana'ata bandar kifi ce, tun ina yarinya a garinmu na bakin kogi kusa da Illo, har aure ya kawo ni Bagudo. Abin da ya kai ni aji kuwa takardar asibiti ce. Na gaji da miƙa wa mutane takardata su san ciwona kafin ni mai ciwon in sani.

A shekarata ta uku a ajin ne ƙanena ya kawo mana kwamfuta. Shi aikinsa ɗaukar kaya a babur, kullum yana tsallakawa Benin yana dawowa. Wani ofishi a can ya sake sababbin na'urori, aka fito da tsofaffin bakin ƙofa, shi kuma ya roƙi ɗaya aka ba shi. Ya ɗaure ta da roba a bayan babur kamar akuya, da allonta, da abin danna rubutun, da linzamin, ya sauke su a ƙofar ajinmu muna tsakiyar karatu.

Ya ce, "Yaya, kin ce ilimi kike so. To ga ilimi nan mai nauyi, ki zo ki ɗauka."

Bai yi ƙarya ba. Baƙa ce, tsayinta ya kai gwiwata, kuma mu biyu muka ciccibe ta muna nishi. Malamarmu, yarinya ce sa'ar ɗiyata ta fari, ta yi karatu a Birnin Kebbi kuma ta san na'ura, ta zagaya ta sau biyu tana shafa ta. Ta ce irin wannan ba ta buga wasiƙa ba ce kawai, ta masu zanen gine-gine ce, a zamaninta ba kowane ofishi ke iya ajiye ta ba. Na ji daɗin wannan magana, don ni ma a zamanina ba kowa ke tsayawa gabana ba.

Da aka tayar da ɗan injin wutar cibiyar karatunmu aka kunna kwamfutar, sai murna ta koma ciki. Ta daɗe tana gurnani kafin ta buɗe ido, da ta buɗe kuma Faransanci take yi, wasu ƙananan tagogi suna ta ɓullowa da kansu, ka rufe ɗaya biyu su fito. Man da ake zuba wa injin nan awa ɗaya yake kaiwa, tsakanin Azahar da La'asar, kuma rabin awar ya tafi a kallon ta tana tunani. Muka gwada sau uku muka haƙura. Aka tura ta lungu, aka rufe ta da tsohon zani, ta zama teburin Goggo.

Goggo ita ce babbar ajinmu, Bafulatana mai tallan nono, ta girme ni da kusan shekara goma. Daga talla take wucewa aji, ta ɗora ƙwaryarta a kan kwamfutar, ta zauna, carbi a hannun hagu, fensir a hannun dama. Ba ta da yawan magana, amma idan ta yi guda ɗaya sai ka kwana kana jin ta.

Haka muka yi wata biyar. Rannan shugaban cibiyar ya leƙo. Tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, mutumin kirki, amma ba ya ƙaunar ganin abin da ba ya aiki. Ya ce an sami sababbin mata shida za su fara karatu, ana bukatar wurin ajiye benci, don haka ya yi magana da ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa, ranar kasuwa zai zo ya ɗauke wannan ƙarfen.

Na ce, "Malam, wane ƙarfe?"

Ya ce, "Wanda ke ƙarƙashin ƙwaryar Goggo."

Na ce, "Wagga ba ƙarfe ba ta, kwamfuta ta. Ƙanena ya goyo ta tun daga tsallake."

Ya ce, "Hajiya, ko daga Makka anka goyo ta, in ba ta aiki ƙarfe ta."

Ban je Makka ba, amma idan yana son in yi shiru Hajiya yake ce mini. Ban yi shirun ba. Muka yi ta ja har ya gaji, ya gindaya sharaɗi. Ranar kasuwa, idan ɗan gwangwan ya zo, za a kunna ta a gabansa. In ta tashi ba tare da ɓata lokaci ba, kuma ɗaya daga cikinmu, ba Malama ba, ta yi rubutu da ita, to za ta zauna. In ba haka ba, ta hau sikeli. Saura kwana biyar.

Bayan ya fita na juya wajen Malama, na ce ta faɗa mini gaskiya, ko mun ɗauko gawa ne. Ta ce ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ruɓe shi ne babbar manhajar da ke ciki, wadda ke tafiyar da komai, ta tsufa har masu ita sun daina kula da ita. Sabuwar irinta kuma sai da lasisi, ko an samu ma wannan tsohuwar ba za ta iya ɗaukar ta ba. Wata a ajin ta ce akwai mai gyaran waya a bakin tasha da ke sa wa mutane ta sata. Na ce a'a. Na girma a kan iyaka, na ga fasa-ƙwauri iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya yi barci mai daɗi da shi ba, kuma ba zan koyi karatu da kayan sata ba bayan na tsufa.

Malama ta ce akwai wata hanya. Akwai manhajoji na kyauta, dangin da ake kira Linux, iri-iri ne, kowa na iya ɗauka ya sa, halal ɗinsa.

Na ce, "Kyauta? Wa ya ba mu? Mi munka yi mishi?"

Ta yi dariya ta ce mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗa hannu, kowa ya yi ɗan abin da ya iya, kamar aikin gayya. Wannan na gane. Na yi gayyar yankan shinkafa a fadama, na san mutum yana iya yi wa wanda bai sani ba aiki ya tafi gida. Amma na ce in dai iri-iri ne, to ba za a sa mana ko ɗaya ba sai mun ɗanɗana, don ko barkono ba na saye da ido. Ta ce ai hakan ma yana yiwuwa, ana iya tayar da kowace daga jikin filashi, ɗan abin ajiya da ake sokawa a jikin na'ura, a gwada, ba tare da an taɓa cikin kwamfutar ba.

Washegari ta zo da filashi uku da ta cika a shagon masu buga takardu. Sunayensu na Turanci sun ƙi zama a bakinmu, sai na tsinko zare daga gefen kallabai muka ɗaura musu, ɗaya ja, ɗaya fari, ɗaya kore.

Da mai jan zare muka fara. Malama ta soka, ta kunna, muka zuba ido. Babu agogo a ajin, babu kuma wadda ta yi tunanin duba lokaci. Muna nan zaune, fankar cikin kwamfutar tana ƙugi, sai can allon ya haska. Goggo ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Sau uku na zagaya."

Ashe tun da aka danna take jan carbinta mai ɗari ba ɗaya. Daga ranar carbin Goggo ya zama agogonmu.

Amma fa mai jan zaren nan kyakkyawa ce, ba zan ci amanarta ba. Launi kamar sabuwar atamfa daga Kwatano, ka taɓa abu ya zamo a hankali, ka rufe ya narke. Matan ajin suka taso suka kewaye ta. Wata ta ce wallahi ko ba a yi karatu ba a bar ta a kunne a riƙa kallo. Nan take suka ce sun zaɓa, har an fara shewa. Ni kuwa na ɗora tafin hannuna a bayan kwamfutar na ji zafi kamar murhun banda, na ja linzamin na ga kibiyar tana biyo hannuna daga baya kamar an tilasta mata.

Na ce wa Malama, babu yadda za a ga nauyin da take ɗauke da shi? Ta buɗe wani ɗan allo mai doguwar sanda a kwance. Ta ce tsawon sandar shi ne iyakar abin da ƙwaƙwalwar na'urar ke iya riƙewa, wurin da ya cika da launi kuma shi ne abin da manhajar ta riga ta cinye tun ba mu fara komai ba.

Ina ganin sandar nan na tuna babana. Shi matuƙin kwalekwale ne, yana tsallakar da 'yan kasuwa da kayansu. Jirginsa tsoho ne, duk faci, amma bai taɓa kifewa ba. In ana lodi ba ya kallon buhunan, ba ya jin magiyar masu kaya. Yakan durƙusa ya sa hannu a gefen jirgin. Sai ya ga yatsunsa huɗu sun shiga tsakanin ruwa da bakin jirgi yake tashi, in uku ne sai an sauke buhu, ko na waye. Na sha ganin manyan alhazai suna zage-zage a bakin ruwa, shi ko yana tsugune yana jira.

Na matsa na ɗora yatsuna a kan sandar, a wurin da ya rage babu launi. Yatsa ɗaya ne ya shiga, shi ma da ƙyar.

Na ce, "Wagga nutsewa za ta yi. Ba mu ko shiga ba ruwa ya kai baki."

Aka yi mini caa. Wata ta ce ni daman ba na son abu mai kyau, shi ya sa zanena kullum warin hayaƙi. Na ce da warin hayaƙin na aurar da ɗiya uku. Malama ba ta shiga ba, sai ta buɗe wurin rubutu don mu gani da idonmu. Kwamfutar ta tsaya cak, kibiya ta daskare, fanka ta ci gaba da kuka har man injin ya ƙare.

Goggo ce kaɗai ta ci gaba da kare ta. Ta ce ita ba ta ga laifin mai jan zare ba, duk ranar Allah mutum ya sami tasbihi ɗari uku kafin karatu, ina asara a nan. Na ce Goggo, lada a gida ma ana samu, fetur ne ba a samu.

Rana ta biyu muka sa mai farin zare. Malama ta ce ita ce mafi rashin nauyi a cikinsu. Goggo ba ta kai ko rabin carbi ba kwamfutar ta tashi. Aka buɗe sandar, na ɗora hannu, yatsu huɗu suka shiga, na ƙara na ɗayan hannun suka shiga. Fanka shiru, bayanta sanyi. Na miƙe tsaye na ce magana ta ƙare, wannan za a sa, wadda ba ta yarda ba ta zo mu yi. Ban bari kowa ta buɗe baki ba. Halina ne, kuma ban ce mai kyau ne ba.

Malama ta ce to, tunda na zaɓa, in zauna in buɗe wurin rubutu da kaina, don ranar kasuwa ba ita za ta yi ba. Na zauna. Allo fili fetal, toka-toka, babu hoto, babu alama, babu inda za ka ce nan ne ƙofa. Na danna nan shiru, na danna can wani ɗan jerin Turanci ya fito da ƙananan baƙaƙe kamar ƙwayar gero, kafin in haɗa kalmar farko hannuna ya motsa ya ɓace. Na sake, ya sake ɓacewa. Malama ta miƙo hannu za ta taimaka na ce ta bari. Haka na cinye mana rabin man ranar ina farautar wurin rubutu, matan da na hana magana suna bayana suna tari na ƙarya.

Goggo ta ce, "Jirgin naki da gudu, ƙanwata. Sai dai ban ga inda fasinja za shi zauna ba."

Aji ya fashe da dariya. Ni ma daga baya na yi, amma ba a ranar ba. A hanyar gida na yi ta juya abin. Babana yatsu huɗu yake nema, bai taɓa cewa a sauke kaya duka a tafi da jirgi wayam ba. Ni ce na ƙara gishiri.

Rana ta uku na zo da wuri na zauna a baya, na ce yau bakina a rufe. Mai koren zare ba ta da wani ado, kamar zanen zaman gida take. Carbi ɗaya da 'yan ƙwayoyi ta tashi, Malama ta ce in an sa ta a ciki sosai za ta fi haka sauri. Alamominta manya ne a jere a ƙasa, ga hoton takarda da alƙalami ƙarara, ko wadda ta fara aji jiya ta san nan ne wurin rubutu. Aka buɗe shi, aka buɗe sandar tare. Ba ni na tashi ba, matan ne suka ce in zo in auna. Yatsu huɗu suka shiga daidai, har da ɗan sarari. Wadda ta ce ina warin hayaƙi ta zo ta auna da nata, ta ce biyar ne. Na ce yatsun wanda bai taɓa aiki ba ai ba ma'auni ba ne.

Sa ta a ciki shi ne ya so ya ba mu wahala. Malama ta ce za a share komai na da, kuma in injin ya mutu ana tsakiyar aiki sai an sake daga farko. Man cibiya na awa ɗaya ba abin dogaro ba ne. Washegari ƙanena ya tsaya gidana cin tuwo kafin ya wuce iyaka, ya shiga wanke hannu ya fito ya tarar da ni tsugune gaban babur ɗinsa da tiyo da galan.

Ya ce, "Yaya, mi kike yi haka?"

Na ce, "Kai ka kawo marainiya, kai za ka shayar da ita."

Ya tsaya yana kallo har galan ya kai rabi, sannan ya ce in bar masa na zuwa gidan mai.

Ana cikin sa manhajar ta yi ta yi mana tambayoyi, Malama tana amsawa da sauri. Harshe muka ce Turanci, don shi muke gamuwa da shi a takardun asibiti. Da aka gama na zauna gwaji. Na nemo harafin A da idona, na danna, sai wani harafi daban ya fito. Na sake, haka. Malama ta ce ba daidai nake dannawa ba, ta karɓa ta buga layi guda tsaf ba kuskure. Na lura ita ba ta kallon hannunta sam, yatsunta sun haddace wuraren tun a makaranta. Na ce ta sunkuya ta dubi abin da ke rubuce a kan maɓallan. Ta duba, ta riƙe baki. Abin danna rubutun na tsallake ne, jerin Faransawa gare shi, wasu haruffan ba a inda ta saba suke ba, ita kuma ta gaya wa manhajar na Ingilishi ne. Ga mai bugawa da ka babu matsala, ga mu masu bin harafi ɗaya-ɗaya da ido kuwa an rufe mana ƙofa. Ta shiga ta gyara, A ya koma A. Ta ce da ban gani ba da ranar kasuwa mun sha kunya. Na ce ta maimaita da ƙarfi, na bayan ba su ji ba.

Ranar kasuwa ɗan gwangwan ya iso bayan Azahar da kurarsa da sikelinsa, Malam yana gaba. Ni na riga na zauna gaban kwamfutar, na yi wanka, na sa zanen da ba na banda da shi. Malam ya dube ni ya ce a'a, ni na kwana biyu ina gwaji, kuma ya san ko ba ta tashi ba zan ce ta tashi. Ya waiga ya ce Goggo ta zo.

Na tashi na ba ta wuri ba da son raina ba. Goggo ba ta taɓa danna ko maɓalli ɗaya ba, ita dai ƙidaya take. Ta ajiye fensirinta, ta taso a hankali, ta miƙo mini carbin. Malama ta nuna mata inda ake kunnawa ta koma gefe ta harɗe hannu. Goggo ta yi bisimilla ta danna.

Na fara ja. Ban taɓa yin tasbihi da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Na wuce talatin da uku na farko allo baƙi. Ɗan gwangwan ya fara kwance igiyar sikeli. Ina gab da cika na biyu sai ga haske, alamomi suka jeru a ƙasa.

Na ce, "Sittin da ɗaya, Malam. In kana shakka ga carbin."

Ya ce saura rubutu. Goggo ta kama linzamin da hannu biyu kamar za ta tatsi saniya, ta tura kibiyar ta wuce, ta dawo da ita ta wuce, a karo na uku ta sauka kan hoton takardar. Farin shafi ya buɗe. Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa maɓallan, ta ɗaga yatsa ɗaya tana neman haruffa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Babu mai tari a ajin yanzu. Ta daɗe. Da ta gama ta ja baya ta gyara mayafinta.

Ɗan gwangwan ya ce, "Malam, mi tsohuwa ta rubuta?"

Malam ya sa tabarau ya matsa, ya karanta a ransa, kafaɗunsa suka fara rawa. Sannan ya karanta a fili: ba ta sayarwa ba ce.

Mutumin ya yi dariya har ya dafa bango. Ya naɗe igiyarsa, ya ce to ko ƙwaryar nonon ta sayarwa ce, don ya sha rana a banza. Goggo ta dama masa fura ya sha a tsaye. Zai fita ya ce akwai irin wannan baƙar guda biyu a ƙarƙashin tarin ƙarafansa, da ma niyyarsa ya fasa su ya cire wayoyin. Na ce in ya fasa su kafin in zo in gani, shi da ni ne.

Bencin sababbin matan ya shiga. Teburin da nake shanya kifi na kawo, muka kankare shi da toka muka ɗora kwamfutar a kai kusa da taga, shi ya sa har yau in ta ɗan yi ɗumi ajin yakan yi ƙanshin banda. Ƙwaryar Goggo ta koma ƙasa, kuma ba ta yafe ba. Kullum aka kunna sai ta ja carbinta, ta tsaya a sittin da wani abu, ta dube ni ta ce na rage mata lada, sannan ta ture ni ta zauna, don yanzu ita ke fara bugawa.